Eya Mashal Ibrahim Alfa: Matuƙin Da Ya Girma Tare Da Rundunarsa

A Dutse, in aka ambaci sojan sama, sunan da ke fara zuwa bakin mutane shi ne na marigayi Wazirin Dutse, Eya Bayis Mashal Mukhtar Muhammad, wanda Allah Ya yi wa rasuwa a 2017. In an nausa Haɗeja kuwa, sai a ji sunan marigayi Eya Bayis Mashal Hamza Abdullahi, wanda ya yi gwamnan tsohuwar Jihar Kano daga 1984 zuwa 1985, a zamanin da Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu duk suke karɓar umarni daga Kano. Waɗannan bayin Allah biyu suna da wani abokin aiki wanda hanyarsa ta gitta tasu: shi ne ya karɓi mulkin Jihar Kaduna daga hannun na farko a 1978, shi ne kuma shugaban rundunar da na biyu yake ciki lokacin da yake gwamna. Wannan mutum shi ne marigayi Ibrahim Mahmud Alfa, ɗan Nijeriya na farko da ya kai muƙamin Eya Mashal, kuma a kansa nake son mu ɗan tattauna da mai karatu a yau.

Abin da ya ja hankalina gare shi shi ne wata ɗabi'a da muke da ita a ƙasar nan. Sojan da ya shiga gidan rediyo da asuba ya sanar da juyin mulki, har yara sun san sunansa. Wanda ya kwashe shekara 27 yana koyon sana'a, yana koyar da ita, yana ɗauke da nauyin wata hukuma, da wuya a tuna da shi bayan sadakar arba'in. Ga shi kuwa a yau akwai ƙauyuka masu yawa a Arewa waɗanda rayuwarsu ta rataya a kan ko jirgin yaƙi zai iso da wuri, da kuma ko in ya iso zai bambance ɗan ta'adda da mai zuwa kasuwa. Wanda yake son ya gane yadda aka yi rundunar mayaƙan saman Nijeriya ta zama yadda take, tarihin Alfa zai ba shi rabin amsar, domin kuwa tare suka yi rarrafe, tare suka miƙe, tare kuma suka fara jin zafin faɗuwa.

An haifi Ibrahim Alfa ranar 14 ga Agusta, 1942, a Garkiɗa, wani gari da ke bakin kogin Hawul a Jihar Adamawa ta yanzu. Garkiɗa ta yi suna tun 1923 saboda 'yan mishan da suka sauka a can suka buɗe makaranta da asibiti, amma shi karatunsa a Jimeta ya fara shi, ya wuce Midil ta Yola, sannan sakandaren lardi da ke Yola ɗin. Daga nan ya tafi Zariya, kwalejin gwamnati da muka sani yau da sunan Barewa, inda ya kammala a 1962. Mai karatu ya lura da wannan shekara. Ƙasar ba ta wuce shekara biyu da samun mulkin kai ba, kuma duk yaron Arewa da ya kai wannan mataki na karatu, ƙofofi da yawa a buɗe suke gare shi. Ma'aikatun Jihar Arewa na neman ma'aikata ruwa a jallo, ga Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a wannan shekara a nan Zariya. Shi sai ya zaɓi wata runduna wadda a lokacin ba ta da doka, ba ta da tarihi, jiragenta ma ba su taka kara sun karya ba.

Tunanin kafa rundunar ya samo asali ne daga kunyar da Nijeriya ta ji a Kwango. Daga 1960 sojojinmu suna aikin kiyaye zaman lafiya a can ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, amma kai su da dawo da su sai da jiragen wasu. Ministan tsaro na lokacin, Alhaji Muhammadu Ribaɗu, wanda shi ma mutumin Adamawa ne, ya tsaya tsayin daka a kan cewa ƙasa mai 'yanci ba ta yin yaƙi da aron fiffike. Da yake an soke yarjejeniyar tsaro da Ingila a farkon 1962, sai gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta rarraba ƙafa. Aka tura wasu matasa Habasha, wasu Kanada, wasu Indiya, aka kuma damƙa wa Jamus ta Yamma aikin tsara rundunar. Shi ya sa shugabanninta biyu na farko Jamusawa ne, Kanar Gerhard Kahtz da Kanar Wolfgang Thimmig. Dokar kafa ta kuwa sai a watan Afrilun 1964 majalisa ta zartar.

Alfa ya shiga a tsakiyar 1963, wato ya riga dokar zuwa. A watan Agustan wannan shekara aka kwashe shi tare da wasu matasa fiye da 80 zuwa Uetersen, kusa da birnin Hambog na Jamus, don horon soja da na tuƙin jirgi. Ya yi kusan shekara uku a can. Da aka kira su gida a watan Yunin 1966 aka ba shi muƙamin ƙaramin hafsa, ƙasar da ya tarar ta sha bamban da wadda ya bari. Ribaɗu ya rasu a 1965. An kashe Sardauna da Firayim Minista a watan Janairu. An yi tarzoma a biranen Arewa a watan Mayu, kuma wata guda bayan saukarsa aka yi juyin mulki na biyu. Jamusawan da ke renon rundunar suka tattara nasu ya nasu suka koma gida. Aka bar wa samari 'yan shekara ashirin da 'yan kai wata jaririyar runduna da 'yan ƙananan jiragen koyo da na ɗaukar saƙo, ga kuma yaƙi yana ƙwanƙwasa ƙofa.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yulin 1967, abin mamaki shi ne ɓangaren Biyafara ne ya fara kai hari ta sama, da wani tsohon jirgi samfurin B-26 wanda wani sojan haya ɗan ƙasar Folan mai suna Jan Zumbach ke tuƙawa. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta nemi Ingila da Amurka su sayar mata da jiragen yaƙi, suka ƙi. Sai ta juya ga Tarayyar Sobiyat. A watan Agustan 1967 aka fara sauke jiragen MiG-15 da MiG-17 a filin jirgin sama na Kano, ga kuma L-29 daga Cekosulobakiya, daga baya aka ƙaro manyan jiragen jefa bom samfurin Il-28 waɗanda Misirawa suka riƙa tuƙawa. Alfa yana cikin waɗanda aka tura Sobiyat a wannan shekara don su koyi sarrafa MiG. Mai karatu kada ya ɗauka sauya jirgi kamar sauya mota ne. Wanda ya saba da ƙaramin jirgi mai farfela, a ce cikin 'yan watanni ya koma wanda ke gudun fiye da kilomita 1,000 a awa guda, kuma ya yi haka alhali ana jiransa a fagen daga, ai an ɗora masa kayan da ya fi ƙarfin shekarunsa.

A lokacin yaƙin, Alfa ya riƙe shugabancin rukunin mayaƙan sama da ke Benin. Wannan gari yana da muhimmanci ƙwarai. Sojojin Biyafara sun mamaye shi a watan Agustan 1967, runduna ta biyu ƙarƙashin Kanar Murtala Muhammad ta ƙwato shi a watan Satumba, daga nan filin jirginsa ya zama ɗaya daga cikin wuraren da ake tashi don kai hari gabashin kogin Kwara. Aikin ba na zama a inuwa ba ne. A watan Mayun 1969 wani Baturen Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, ya jagoranci wasu ƙananan jirage biyar da aka ɗaura wa rokoki, suka riƙa bin saman itatuwa suna kai wa filayen jiragen gwamnati farmaki a Fatakwal da Benin da Inugu, suka lalata jirage a ƙasa. A watan Oktoban wannan shekara kuma shugaban rundunar da kansa, Kanar Shittu Alao, ya rasu a haɗarin jirgin L-29 da yake tuƙawa a Uzebba, cikin yankin na Benin. Rundunar da shugabanta ke tuƙa jirgi shi kaɗai a tsakiyar yaƙi, mai karatu ya san matuƙanta ba su da yawa. A 1969 ɗin ne aka ƙara wa Alfa girma zuwa kyaftin, yana ɗan shekara 27.

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen labarin. Yaƙin sama na 1967 zuwa 1970 ya bar tabo a sunan Nijeriya. Bama-bamai sun faɗa kasuwanni da asibitoci a yankin Biyafara, fararen hula da yawa sun hallaka, kuma hotunansu sun zagaya duniya sun ƙara wa 'yan aware magoya baya. An fi ɗora laifin a kan matuƙan haya waɗanda ke sakin bom daga can ƙololuwa don gudun harbi, amma tutar da ke jikin jiragen tamu ce. Haka kuma filin Uli, inda jiragen agaji da na makamai ke sauka cikin dare, ya gagari rundunar har ƙarshen yaƙi, kuma a ranar 5 ga Yunin 1969 wani jirgin MiG na gwamnati ya harbo jirgin agaji na ƙungiyar Red Cross. Darasin da matuƙan zamanin su Alfa suka fito da shi daga wannan yaƙi a fili yake: jirgin aro da matuƙin haya ba sa gina runduna, kuma bom ɗin da ya kuskure abin hari yakan sayo wa ƙasa abokan gaba fiye da waɗanda ya kashe.

Da aka ajiye makamai a watan Janairun 1970, sai aka turo shi Kano ya shugabanci sashen koyar da tuƙin jirage. A nawa ganin, nan ne ya yi aikin da ya fi kowanne amfani, ko da yake shi ne aka fi mantawa da shi. Daga baya ya tafi Amurka, sansanin Randolph da ke Jihar Tekzas, ya yi kwas na malaman tuƙi a kan jirgin T-38. Ya dawo Kano ya riƙe rukunin jiragen yaƙi, sannan ya sake komawa Sobiyat don koyon MiG-21. A matsayina na ɗalibin harshe, wannan yawo yana ba ni sha'awa, domin kowace ƙasa da irin yaren da take yi wa jirgi. Agogunan jirgin Rasha da mita da kilomita suke ƙirga tsawo da gudu, na Amurka kuwa da ƙafa da mil na teku. Tsarin Rasha ya fi dogara ga umarnin mai lura daga ƙasa, na Amurka ya fi sakar wa matuƙi mara. Mutumin da ya zauna gaban malaman Jamus da na Rasha da na Amurka a tsakiyar yaƙin cacar baka, ya dawo Kano yana koyar da yaran Nijeriya, aikin tafinta yake yi, kuma daga bakin irinsu ne rundunar ta samu harshenta na kanta.

Harshen ma a zahiri sai da aka sauya shi. Har zuwa 1976 hafsoshin sama da muƙaman sojan ƙasa ake kiransu, kyaftin da manjo da kanar, saboda shugabannin rundunar 'yan ƙasa na farko, George Kurubo da Shittu Alao da Emmanuel Ikwue, duk daga sojan ƙasa aka aro su. Sai da John Yisa-Doko, wanda ya taso daga cikin rundunar kanta, ya karɓi shugabanci a 1975, sannan aka koma su Win Kwamanda da Gurup Kyaftin da Eya Komodo, kalmomin da har yau suke yi wa masu fassara labarai a gidajen rediyonmu nauyi a baki. Wannan ya zo daidai da lokacin da kuɗin man fetur ya yi ambaliya bayan tashin farashi na 1973. A tsakiyar shekarun 1970 aka sayo MiG-21 da manyan jiragen dakon kaya samfurin C-130, daga baya kuma aka raba rundunar gida uku: ta yaƙi a Makurɗi, ta horo a Kaduna, ta kayan aiki a Legas.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Juyin mulkin 1975 ya jawo hafsoshin sama cikin harkar mulki. Alfa ya zauna a Majalisar Ƙoli ta Soja a zamanin Janar Obasanjo yana cikin mafi ƙarancin shekaru a cikinta. Jihar Kaduna kuwa, wadda a lokacin ta haɗa har da Katsina da Daura da Funtuwa, sai ta zama kamar gadon sojan sama: Usman Jibrin daga 1975 zuwa 1977, Mukhtar Muhammad na Dutse daga 1977 zuwa 1978, sannan Ibrahim Alfa daga watan Yulin 1978. Nasa zangon ya bambanta da na magabatansa. Kantoma aka naɗa shi, aikinsa shi ne ya riƙe jiha har a miƙa ta ga farar hula. A hannunsa aka ɗage takunkumin siyasa a watan Satumban 1978, aka yi zaɓen 1979 mai zafi wanda Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na NPN, alhali NPN ce ke da rinjaye a majalisar jiha. Ranar 1 ga Oktoba, 1979, Alfa ya miƙa wa Balarabe Musa mulki ya koma bariki. A jihar da ta kasance cibiyar masu faɗa a ji na Arewa, miƙa kujera ga ɗan jam'iyyar talakawa ba tare da murɗiya ba abu ne da ya cancanci a rubuta masa.

Duk da haka ina ganin ƙasar ta yi asara a wannan ciniki. Horar da matuƙin jirgin yaƙi guda ɗaya yana cin shekaru da dukiya mai ɗimbin yawa, kuma ƙwarewarsa tana dushewa in ya daina tashi, kamar yadda harshe ke yi wa mai shi tsatsa in ya daina magana da shi. A ɗauko irin wannan mutum a zaunar da shi yana sa hannu a takardun kwangilar magudanar ruwa da rabon taki, an yi amfani da takobi wajen yankan kuɓewa. Abin da ya fi wannan muni shi ne ƙananan hafsoshi sun ga cewa hanyar ɗaukaka ta fi sauri ta gidan gwamnati fiye da ta filin jirgi. Illar wannan ba ta bayyana nan take ba, sai da aka shiga shekarun 1980.

Bayan ya je Montgomery a Jihar Alabama a 1980 don kwas na manyan hafsoshi, Alfa ya riƙe sashen ayyuka a hedikwatar rundunar. Da sojoji suka hamɓarar da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari a ranar ƙarshe ta 1983, Manjo Janar Muhammadu Buhari ya naɗa shi Babban Hafsan Mayaƙan Sama, na takwas a jerin, bayan Eya Bayis Mashal Dominic Bello. A takarda, ya gaji runduna wadda ba ta da tsara a Afirka ta Yamma. Ga MiG-21, ga Alpha Jet da aka fara karɓa a farkon shekarun 1980 har suka kai 24, ga Jaguar 18 na Ingila da suka fara isowa a zamaninsa, ga MB-339 da G.222 na Italiya, daga baya ga L-39. Sai dai mai karatu ya ƙirga ƙasashen: Rasha, Jamus da Faransa, Ingila, Italiya, Cekosulobakiya, Amurka. Kowane samfuri da nasa kayan gyara, da nasa makanikai, da nasa littafin aiki, kuma dukkansu da kuɗin waje ake saye. An tara wa gida ɗaya baƙi masu cima iri-iri a daidai lokacin da rumbu ya fara yin ƙasa.

Da Janar Ibrahim Babangida ya karɓi mulki a watan Agustan 1985, ya bar Alfa a kujerarsa. Wata huɗu bayan haka aka shiga mawuyacin halin da ya fi kowanne a rayuwarsa ta aiki. A watan Disambar 1985 gwamnati ta sanar da gano wani shirin juyin mulki wanda ta danganta da Manjo Janar Mamman Vatsa, ministan Abuja kuma marubucin waƙoƙi. Cikin tuhumar har da cewa za a yi amfani da jiragen yaƙi daga Makurɗi. Marubuta uku, Chinua Achebe da Wole Soyinka da J.P. Clark, sun je barikin Dodan neman sassauci, amma a ranar 5 ga Maris, 1986, aka harbe mutum goma. Huɗu daga cikinsu 'yan rundunar Alfa ne: Win Kwamanda Ben Ekele, Win Kwamanda Adamu Sakaba, da Sukwadiron Lida Martin Luther da Asen Ahura. Majalisar mulkin soja ce ta tabbatar da hukuncin, Alfa kuwa ɗan majalisar ne bisa muƙaminsa. Hukuncin majalisa na kowa da kowa ne a cikinta, don haka wannan nauyi yana cikin kayan da tarihi zai aza masa. Kujerar ministan Abuja da Vatsa ya bari kuwa, Hamza Abdullahi na Haɗeja ne ya hau ta a 1986.

Masu nazarin tarihin sojan Nijeriya da dama sun tafi a kan cewa daga wannan rana rundunar sama ta zama abin zargi a idon masu mulki. Shugaban da ke tsoron a yi masa ruwan bom daga sama ba zai yi ɗokin ganin jirage suna tashi ba. Sai ga talauci ya zo ya taya tsoro aiki. Farashin mai ya faɗi warwas a 1986, aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, aka karya darajar Naira. A 1985 Naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja, amma kafin ƙarshen 1989 sai an ba da fiye da Naira 7 kafin a samu dala guda. Kayan gyaran da ake saye da dala suka gagara, awoyin tashi suka ragu, aka fara cire sassan wannan jirgi ana gyara wancan. Cikin wannan hali ne, a ranar 1 ga Oktoba, 1987, aka ƙara wa Alfa girma zuwa Eya Mashal, muƙamin da babu ɗan Nijeriyan da ya taɓa riƙewa kafinsa. Taurari sun ƙaru a kafaɗar shugaba a daidai lokacin da jiragen da ke iya tashi suke raguwa.

Akwai abu guda daga ƙarshen zamaninsa da ya nuna an fahimci inda gizo ke saƙa. A Kaduna aka fara haɗa wani ƙaramin jirgin koyo mai suna Air Beetle, bisa tsarin wani jirgi na Amurka, aka nuna shi a 1989, daga baya aka ƙera guda 60. Ƙaramin mataki ne, amma ta wannan hanya Barazil ta bi har ta kai ga sayar wa duniya jirage. A sauye-sauyen da Babangida ya yi a ƙarshen 1989 Alfa ya bar kujera, Nuraini Yusuf ya gaje shi a farkon 1990, bayan ya shafe shekara shida yana shugabanci. Abin da ya biyo baya ya nuna ƙarfin abin da aka gina da kuma rauninsa. Daga 1990 jiragen Alpha Jet da C-130 suka zama ƙashin bayan rundunar ECOMOG a Laberiya, daga baya a Saliyo, da matuƙan da aka horar a Kano da Kaduna. A gefe guda kuma jiragen Jaguar masu tsadar gaske suka zauna a ƙasa tun ba su tsufa ba. Ranar 26 ga Satumba, 1992, wani C-130 ya faɗi a Ejigbo jim kaɗan bayan tashinsa daga Legas, ya hallaka mutum fiye da 150, mafi yawansu matasan hafsoshi. Takunkumin makamai da Turai ta sa wa Nijeriya a 1995 ya ƙarasa abin da ya saura. Alfa ya ga duk wannan da idonsa kafin rasuwarsa ranar 16 ga Maris, 2000, yana da shekara 57.

To, da wane ma'auni za mu auna shi? Ni dai ina ganin ya kamata a ba shi abin da yake nasa: ya shiga sana'a tun ba ta da suna, ya yi yaƙi don ƙasar ta zauna ɗaya, ya koyar da na baya, ya kuma miƙa mulki ranar da aka ce ya miƙa. Ya kamata kuma a faɗi cewa ya zauna a majalisun gwamnatocin soja uku, kuma rundunar da ya karɓa da ƙarfinta ta fara ramewa tun yana riƙe da linzaminta. Wanda zai ce laifinsa ne shi kaɗai bai yi adalci ba, domin ba shi ke riƙe da baitulmali ba, ba shi ne kuma ya faɗar da farashin mai ba. Wanda kuma zai wanke shi tas ya manta cewa shugabanci ɗaukar alhaki ne. Shi da tsararrakinsa sun yarda cewa soja zai iya riƙe mulki da hannu ɗaya ya riƙe sana'arsa da ɗayan. Tarihin rundunarsu ya nuna cewa taura biyu ba ta taunuwa.

Wannan magana ba ta tsufa ba. A watan Fabrairun 2020 mayaƙan Boko Haram suka shiga Garkiɗa, mahaifar Eya Mashal na farko, suka ƙona gidaje da wuraren ibada. Jiragen Alpha Jet na zamaninsa su ne aka yi ta lallaɓawa ana yaƙi da su a Arewa maso Gabas shekara talatin bayan sayensu, kafin isowar Super Tucano 12 a 2021, jirgin da asalin ƙirarsa ta Barazil ce. Tsohon tabon yaƙin basasa ma ya sake fitowa. A watan Janairun 2017 jirgin rundunar sama ya jefa bom a sansanin 'yan gudun hijira da ke Rann a Jihar Borno bisa kuskure, a watan Disambar 2023 kuma jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya hallaka masu Mauludi a Tudun Biri, cikin jihar da Alfa ya taɓa riƙewa. Tambayoyin da ya kamata 'yan majalisarmu su riƙa yi lokacin kasafin kuɗi su ne waɗanda rayuwar Alfa ta bari a buɗe. Nawa aka ware wa kayan gyara da horar da makanikai a kan kowane jirgin da aka saya? Awa nawa matuƙi ke tashi a shekara? Wa ke tabbatar da abin hari kafin a saki bom, kuma wa ake tuhuma in an yi kuskure?

Kirana na ƙarshe ga abokan aikina malaman jami'a ne, musamman mu da ke wannan yanki. Jigawa ta haifi manyan hafsoshin sama biyu da suka yi gwamna, ta kuma samu filin jirgin sama a Dutse tun 2014, amma ɗalibanmu sun fi sanin tarihin janar-janar na Turai fiye da na waɗannan mutane. Tsararrakin Alfa da suka je Jamus da Kanada da Habasha suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, makanikan da suka kwance MiG a Kano su ma haka. Ya kamata sassan tarihi da na harsuna su tura ɗalibai su naɗi bayanansu, a rubuta da Hausa yadda mai sayen jarida a Shuwarin ko Gujungu zai karanta ya gane, tare da samar wa muƙamai da kayan aikin sojan sama sunayen da za su zauna a bakin mutane. Al'ummar da ba ta san yadda aka gina rundunarta ba, ba za ta iya tambayar yadda ake kashe kuɗinta ba.

Allah Ya jiƙan Ibrahim Alfa, da Mukhtar Muhammad, da Hamza Abdullahi, da dukkan waɗanda suka rasa rayukansu a sama da ƙasa, soja da farar hula. Mu kuma Ya ba mu ikon ɗaukar darasi, amin.